Turmi, randa da keken ɗinki: kayan da suka ga jikoki

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka. Sharhinmu na yau a tsakar gida zai tsaya. Duk wanda ya shiga gidajenmu a Garwa, Marwa, Ngaundere ko Kusiri, ko ya haye gada zuwa Injamena, zai tarar da kayan da suka girmi matar gidan kanta, kuma kullum ana moronsu. Bokitin roba kuwa, in ya sha ranar bazara biyu, sai ka ji ya tsage. Ana yawan cewa ai kayan da sun fi ƙarko. Da gaskiya a ciki, amma ba ita ke nan ba. Waɗannan kaya sun daɗe ne saboda masu su sun san abin da ke kashe su, kuma in sun lalace akwai mai gyara a unguwa.

Mu fara da turmi. Turmin ƙwarai daga icen kirya ake sassaƙa shi, ko maɗaci, domin itace ne mai nauyi da gara ba ta cika cin sa ba. Idan za ki saya, uwargida, ki ɗaga ki ji nauyinsa, ki duba gindi da baki ko akwai siririyar tsaga. Wasu masassaƙa kan sayar da ɗanyen ice, shi ya sa turmi ke darewa da zarar hunturu ya kama. Sabon turmi ba a fara shi da surfe. A shafe shi da man gyaɗa ko man kaɗe ciki da waje, a ajiye a inuwa ya sha, sannan a daka dusa a ciki sau biyu ko uku a zubar, don ta kwashe ɗaci da burbushin ice. Abu biyu ne ajalin turmi: rana da danshin ƙasa. Rana tana tsaga shi ta sama, danshi yana ruɓar da shi ta gindi. Saboda haka bayan an wanke, a tsane shi, a ɗora kan dutse ko bulo a ƙarƙashin rumfa. In tsaga ta fara, kada a jira, a kai wa maƙeri ya ɗaure bakin da zoben ƙarfe. Sannan wadda ta san girki ba ta haɗa turmin yaji da na fura, domin ice yana riƙe barkono, wanki ba ya fitar da shi.

Randa ita ce na fi so mu daɗe a kanta, don mutane da yawa na kashe ta da hannunsu suna zaton gyara suke yi. Wutar lantarkin arewacin Kamaru ta dogara ƙwarai ga madatsar ruwa ta Lagdo da ke kan kogin Binuwai, wadda aka kammala a 1982. In ruwan madatsar ya ja baya da rani, sai a shiga rabon wuta, daidai lokacin da zafin watan Maris da Afrilu ke haura digiri 40. A wannan lokaci firji kan zama akwati kawai, randa ce ke riƙe gida. Yadda take sanyaya ruwa ba wani asiri ba ne. Jikin yumɓu yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu, iska ta busar da shi, busarwar kuma ta tafi da zafin ruwan da ke ciki. Wannan raɓar da kike gani a jikin randa, ita ce aikin. Wadda ta shafe randarta da fenti ko siminti don ta daina zufa, to ta toshe ƙofofin, ruwanta ba zai ƙara yin sanyi ba. Haka kuma sabulu: yumɓu yana shanye shi, ruwa ya yi ta warinsa har mako. Da soso da ruwa zalla ake wanke randa, a goge gansakuka da ɗan yashi, a bar ta ta sha iska.

Wajen saye, a ƙwanƙwasa ta da yatsa. Wadda ta gasu sosai tana amsawa da ƙara mai tsawo, mai ɓoyayyar tsaga kuwa muryarta a dishe take. Masu ginin tukwane na Gawi, kusa da Injamena, sun yi suna a wannan sana'a tun kaka da kakanni. Sabuwar randa a cika ta da ruwa ta kwana biyu, a zubar, kafin a fara sha. A girke ta a kan yashi mai ɗan danshi, inda iska ke ratsawa, ba a lungun ɗaki ba. Da damina ba ta sanyi kamar da rani, don iskar ta riga ta ƙoshi da ruwa, ba laifin randar ba ne. Masu son ƙamshi kan jefa saiwar jema. Abin da ba a wasa da shi shi ne murfi da moɗa mai dogon hannu, domin a yankin da amai da gudawa ke dawowa lokaci zuwa lokaci, hannun yaro ɗaya a cikin randa ya isa ya kwantar da gida.

Sai keken ɗinki mai baƙin kai, na takawa, Singer ko Butterfly, wanda yawanci ya shigo gidan ne cikin kayan ɗakin amarya. Ƙarfe ne zalla, ba ya neman wuta. Abincinsa man keke, ɗigo ɗaya a kowane rami, bayan an share ƙurar hunturu da gashin zare da ke taruwa ƙarƙashin haƙora. Kuskuren da masu gyara suka fi gani shi ne zuba man girki. Ranar farko keken zai yi laushi, bayan 'yan makonni man ya daskare ya zama danƙo, kai ya cije. Maganinsa kananzir: a ɗiga, a juya a hankali har ya saki, a goge, a sa man da ya dace. In zare yana cukurkuɗewa a ƙasan yadi, kada a taɓa kwarkwaro tukuna, yawanci zaren sama ne bai bi hanyarsa ba. In ɗinki yana tsallake, allura ce ta lanƙwashe ko aka sa ta a juye. Lamba 14 ta atamfa ce, 16 ta yadi mai kauri, 18 ta jins. Igiyar fata in ta saki, a yanke kamar santimita ɗaya, a huda sabon rami a sake ɗaurewa.

Dutsen guga na gawayi ba ya bukatar dogon bayani. Garwashin da ya ruru ake zubawa, ba gawayi mai hayaƙi ba, a karkaɗe toka kafin a ɗora kan farar shadda.

Amma ba kowane tsohon kaya ne za mu yaba ba. Tukunyar alminiyon da maƙeranmu ke zubawa tana da ƙarko, sai dai daga tarkacen ƙarfe ake narka ta, har da sassan injin mota. Wani bincike da aka wallafa a 2014 kan irin waɗannan tukwane a Kamaru ya gano cewa dalma na fita daga jikinsu ta shiga abinci, gubar dalma kuwa yara ta fi yi wa illa. Tsami ne ke ƙara fito da ita. Don haka miyar yakuwa, kunun tsamiya da zoɓo, kada su kwana a ciki, a juye su a wani mazubi da zarar an sauke. Kada kuma a kankare cikinta da yashi har ta yi ƙyalli. Tukunyar da cikinta ya yi ramuka, a mayar da ita ta dafa ruwan wanka.