Kifin Angel a Tankin Gida: Ku Shirya Ruwa Kafin Ku Sayi Kifi

Assalamu alaikum. Ku dubi ɗan kifin nan da ake sayarwa a cikin leda. Faɗinsa bai wuce murfin kwalbar lemo ba, shi ya sa mutane ke sayensa su jefa a ƙaramin tanki. To, ku ba shi shekara guda. Jikinsa zai kai kusan santimita 15, daga bakin fiffiken sama zuwa na ƙasa kuwa zai kai santimita 20. Wannan shi ne kifin angel, wanda masana ke kira Pterophyllum scalare. Asalinsa yankin kogin Amazon ne a Kudancin Amurka, inda yake zama a ruwa mai tafiya a hankali, tsakanin ciyayi da saiwoyin itatuwa. Idan ya samu kulawa, yakan yi shekara 10 a raye.

Don haka tsayin tanki ya fi komai. Ku nemi wanda zurfin ruwansa ya kai santimita 45 ko fiye. Idan biyu za ku ajiye, lita 110 ita ce mafi ƙanƙanta; idan biyar ko shida ne, sai lita 200 zuwa sama. A tankin da ba shi da zurfi, fiffikensa lanƙwashewa yake yi, kuma ba ya miƙewa daga baya.

Kada kyansa ya ruɗe ku. Danginsu ɗaya da karfasar da muke ci, kuma halin dangin yana nan: son yanki da faɗa idan ya balaga. Duk abin da ya shiga bakinsa abinci ne. Ƙananan kifayen nan masu shuɗin zane da ake kira neon tetra, angel yana ƙarami za su zauna lafiya, ranar da ya girma sai ku ga suna raguwa ɗaya bayan ɗaya. Su kuma kifayen da ake kira tiger barb, su ne ke cutarsa, don yagar masa fiffike suke yi. Kifayen Corydoras da ke kiwo a ƙasan tanki sun fi dacewa da shi.

Yanzu ga inda yawancin sababbin masu kiwo ke asarar kifinsu. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama ammoniya, ita kuwa guba ce, kuma ido ba ya ganinta. Ruwa zai yi garau, kifi na mutuwa. Abin da ke kawar da ita wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani da ke zama a cikin soson matatar ruwa. Su ne ke mayar da ammoniya naitirait, wanda shi ma guba ne, sannan su mayar da shi naitiret, wanda kifi ke iya jurewa idan bai yi yawa ba. Waɗannan ƙwayoyin ba sa taruwa a kwana ɗaya. Ku cika tanki, ku kunna matata, kullum ku zuba ɗan abincin kifi kaɗan, ku bar shi mako 4 zuwa 6 babu kifi ko ɗaya. Ku sayi abin gwajin ruwa. Sai ammoniya da naitirait sun nuna sifili sannan ku je shago. Mai sayarwa zai iya ce muku kwana biyu sun isa. Shi ciniki yake nema.

Ruwan famfo na ɗauke da kilorin, sai an ɗiga masa maganin kashe kilorin kafin ya shiga tanki. Duk mako ku kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan ku zuba sabo. Soson matata kuma, a cikin ruwan da kuka kwashe za ku matse shi. Idan kuka wanke shi a famfo, kun kashe ƙwayoyin da kuka yi wata guda kuna jira.

Zafin ruwa ya tsaya tsakanin digiri 25 zuwa 28 a ma'aunin Salshiyos. A lokacin hunturu dare kan yi sanyi ruwa ya sauka, wannan hawa da sauka kuma shi ke buɗe wa ciwon fararen ɗigo hanya, don haka ku sa hita mai daidaita kanta. A lokacin bazara, ku nisanta tankin da taga, ku juya fanka ta riƙa kaɗa saman ruwan. Idan aka ɗauke wuta na dogon lokaci, matata za ta tsaya, iska ta ragu. Ɗan famfon iska mai batir zai cece ku, kuma kada ku ba su abinci har wuta ta dawo.

Ranar da kuka kawo kifin, ku bar ledar tana yawo a saman ruwa minti 15 zuwa 20, sannan ku kamo shi da raga; ruwan shago ku zubar. Abinci sau biyu a rana, abin da za su cinye cikin minti biyu. Angel maroƙi ne, da ya gan ku zai taso gaban gilashi kamar bai taɓa ci ba. Kada ku biye masa.

Da wuya a bambanta namiji da mace tun suna ƙanana, shi ya sa ake sayen shida su zaɓi juna da kansu. Idan kuka ga biyu sun ware suna goge faffaɗan ganye da baki suna korar sauran, ƙwai ne ke tafe. Macen za ta jera su layi layi, namijin ya bi baya, sannan su riƙa yi musu fifita da fiffike har su ƙyanƙyashe cikin kwana 2 zuwa 3. Sababbin iyaye sukan cinye ƙwan farko, wani lokaci har na biyu. Ku bar su, ku rage wucewa ta gaban tankin, sauran kifayen kuma ku mayar da su wani tanki idan faɗa ya yi yawa.