Ba kowane ƙaiƙayi ne na Piriton ba

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Hunturu ya shigo nan Ingila, hita a kunne dare da rana, fatar mutane sai bushewa take, kuma da ka ce jikinka na ƙaiƙayi za ka ji wani ya ce "sha Piriton mana". Wallahi abin nan yana damuna, shi yasa na kunna kyamara.

Kun ga, akwai wani sinadari da fata ke saki idan wani abu ya tsokane ta, sunansa histamin, shi ke sa wurin ya yi ja ya kumbura ya hau ƙaiƙayi. Piriton da magunguna irinsa aikinsu kawai su tare wa histamin ɗin hanya. To a borin jini, wanda jiki zai yi rudu-rudu ya baje a nan kafin awa 24 ya sake ɓullowa can, nan ne suke aiki sosai, don histamin ɗin ne ummul'aba'isi. Idan ya wuce sati 6 yana dawowa likita kan iya ƙara sabon irin maganin, ba irin su Piriton ba, har ninki 4, amma fa likita, ba kai da kanka ba.

Ciwon ezima kuwa, mai sa fata ta bushe ta tsattsage, yawancin ƙaiƙayinsa ba daga histamin yake ba, sai mutum ya yi ta haɗiyar ƙwaya yana barci yana zaton sauƙi ne alhali fatar tana nan yadda take, abin da take so man shafawa ne akai-akai da wanda likita zai rubuta. Ƙazuwa ma haka, ɗan ƙwaro ne a cikin fata, sai an kashe shi, kuma duk gidan za a yi wa magani.

Sannan magungunan nan masu tare histamin iri biyu ne. Tsofaffin irin su Piriton da Phenergan suna shiga ƙwaƙwalwa, shi yasa suke sa barci da bushewar baki, dan Allah kar a sha a yi tuƙi, masu yawan shekaru kuma suna iya rikicewa su faɗi. Sababbin, cetirizine, loratadine, fexofenadine, sau ɗaya a rana galibi, barcin kaɗan ne, duk da cetirizine na sa wasu gyangyaɗi.

Idan kuma borin ya zo da kumburin harshe ko maƙogwaro, numfashi na sarƙewa, kar ku tsaya neman ƙwaya, allurar adirenalin ake buƙata, a kira motar asibiti nan take.