Makaroni da Ciz: Me Ya Sa Naki Yake Tsatso Mai?

[Hoto: cokali ya ɗago makaroni, miyar ciz, wato cukun Turawa, tana zuba a hankali, sumul.]

Assalamu alaikum, uwargida da amarya, da ku gwauraye masu leƙowa a ɓoye. Ku dubi wannan.

[Hoto: wata tukunyar. Mai yana yawo a sama, ƙasa tsaki-tsaki.]

Yanzu ku dubi wannan kuma. Ni na dafa su duka biyun, yau ɗin nan, a kicin ɗaya, da kayan haɗi ɗaya. Tun da bidiyon makaroni da ciz ya fara yawo a TikTok, hoton da ake ta turo mini ke nan, wannan na biyun. Wata ta ce ciz ɗin Katsina ne jabu. Wata ta ce madarar gari ce ta cuce ta. Wata kuma ta rantse sai da tukunyar Turawa. Ko ɗaya babu. Minti biyu ne rak a cikin girkin nan ake yin kuskure, kuma a kansu za mu zauna. Sauran duk gudu za mu yi.

[Hoto: kayan haɗi a kan faranti, rubutu yana fitowa a gefen kowanne.]

Makaroni rabin leda, wato giram 250. Bota cokali 2. Fulawa cokali 2. Madara kofi 2, kusan rabin lita. Ta gari ce a wurina, na dama ta da kauri kaɗan. Ciz giram 200 zuwa 250. Gishiri, masoro, da ɗan tafarnuwa in kina so.

Maganar ciz, tsaya. Wanda ake kira ceda shi ne na wannan aikin, sunan wani ƙauye ne a Ingila inda aka fara yin sa. Ki nemi na dunƙule a manyan kantuna masu firij, ki goga da kanki da abin goga kuɓewa. Wanda aka riga aka goge a leda ana barbaɗa masa sitaci ko wani gari don kada ya manne wa juna, kuma wannan garin yana rage masa laushin narkewa. Mozarela, na kan fiza, jan zare yake yi kamar cingam. Ki sa kaɗan don kwalliyar hoto, amma shi kaɗai ba ya ba da miya.

[Hoto: hannu ya ɗaga faifan cuku busasshe, ya ƙwanƙwasa shi a tebur.]

Wannan kuma cukunmu ne da ake shigowa da shi daga Nijar. Wata baiwar Allah ta tambaye ni ko zai yi. Haba dai. An shanya shi ne ya bushe don ya daɗe, ruwan jikinsa ya tafi, ko kwana za ki yi kina juyawa ba zai zama miya ba. Ki bar shi ga shayi da fura, can ya fi daraja. Haka awarar madara ta Fulani: ita soyuwa take yi a mai ta fito da siffarta, ba narkewa ba.

[Hoto: ruwa a tukunya, an zuba gishiri da makaroni.]

Dafa taliya ba sai na koya wa 'yar Katsina ba. Abu ɗaya: ki sauke ta da ɗan saura, minti ɗaya kafin ta kai yadda kike so, don za ta ƙarasa a cikin miya. Ki ɗebi rabin kofi na ruwan dahuwar ki ajiye. Kada ki ɗauraye ta da ruwan sanyi yadda muka saba in za a ci da mai da yaji. Sitacin da ke jikinta shi ke sa miya ta kama ta.

[Hoto: tukunya tana tafasa. Ba abin da ke faruwa.]

To, ƙanena mai riƙe da kyamara ya ce ba shi da wani hoton sai wannan, don haka bari in cike wurin da labari. Abincin nan ya yi suna ne a Amurka, amma taliya da cuku tare tsohon abu ne a Turai. Shugaban Amurka na uku, Thomas Jefferson, ya yi zaman jakadanci a Faransa, ya tafi da wani bawansa baƙar fata mai suna James Hemings, wanda ya koyi girki a birnin Paris. A 1802 an kawo makaroni a teburin baƙin Jefferson yana shugaban ƙasa. Sunan maigida ne ya fi yawo, amma kun san ba shi ne ya sha hayaƙi ba. Sai a 1937 kamfanin Kraft ya fito da na kwali mai arha, lokacin ana cikin matsin tattalin arziki, daga nan ya zama abincin kowa. Wato abin da muke sayen kayansa da tsada a nan, can abincin ƙarshen wata ne. Duniya ke nan. Taliya ta yi, mu tace.

[Hoto: bota tana narkewa, fulawa ta shiga, ana juyawa da maburgi.]

Wuta kaɗan. Bota ta narke, fulawa ta bi, ki juya minti ɗaya zuwa biyu har warin ɗanyen gari ya fita. Kada ta yi ja. Madara kaɗan-kaɗan, kina burgawa. Duk wadda ta taɓa yin talge ba gudaji ta riga ta iya wannan. Maburgin miyar kuka ya wadatar, ba sai kin sayi wani abu ba.

[Hoto: an tsoma cokali, an ja yatsa a bayansa, layin ya tsaya.]

Kin ga layin bai rufe ba? Ta yi kauri. Gishiri kaɗan, don ciz da nasa gishirin. Masoro. Har zuwa nan kusan kowa yana yin daidai.

[Hoto: kyamara ta matso kan makunnin gas. Hannu ya murɗe. Wuta ta mutu.]

Ga wurin. Kashe wutar.

Ban ce ki rage ba. Kashewa.

Na san abin da zuciyarki take faɗa miki, don ni ma ta faɗa mini. Mu a girkinmu, duk abin da ya shiga tukunya sai ya tafasa. Daddawa sai ta tafasa, kuka sai ta ɗan dahu, nama kuwa ba a magana. In aka ce ki zuba abu a tukunya bayan an kashe wuta, ji za ki yi kamar ɗanye za ki ba mutane. To ciz ba ɗanye ba ne. An gama aikinsa tun a inda aka yi shi. Narkewa kawai yake buƙata, kuma zafin da ke cikin madarar nan ya ishe shi har ya yi yawa.

[Hoto: zane mai sauƙi. Raga, da ƙananan ɗigo masu ruwan ɗorawa a cikin ramukanta.]

Ga abin da ke faruwa a ciki. Ciz abu uku ne a haɗe: mai, ruwa, da furotin na madara. Furotin ɗin kamar raga yake, ya riƙe man da ruwan a cikin ramukansa. In ya ji ɗumi, ragar ta saki jiki, komai ya yi laushi ya gudana tare. Ceda yana kai wannan matakin ne a wajen digiri 65. Madarar da ke tafasa kuwa tana kusan digiri 100. Tazarar ba kaɗan ba ce. In zafi ya wuce kima, ragar ba sakin jiki take yi ba, takurewa take, ta dunƙule, ta matse man ya fito waje kamar an matsa ƙuli.

[Hoto: mai awara tana zuba ruwan tsami a tafasasshen ruwan waken suya, yana kamewa.]

Kun san wannan hoton, kowace unguwa akwai mai yi. Farin ya tattaru gefe, ruwa ya ware gefe. Ita mai awara abin da take nema ke nan, da gangan take yi, da ruwan tsami. Ke kuma da kika bar ciz yana ɓararraka a kan wuta kin kama hanyar yin irin nata ba ki sani ba, sai dai taki ba mai saye.

[Hoto: tukunya a gefe, kumfar tafasa tana lafawa.]

Saboda haka bayan kin kashe, ki ɗan jira. Minti ɗaya, ko biyu in tukunyarki mai kaurin gindi ce irin ta dalma, don ita tana riƙe zafi. Alamar ita ce ki daina ganin ƙwayar tafasa ko ɗaya tana tasowa. Tururi ba laifi. Tafasa ce ba a so.

Masu girki da gawayi, ku ji da kyau, don ku ne kuka fi turo mini hoton mai. Kurfoti ba shi da makunni. Ko kin janye garwashi, ƙarfen da tokar suna nan da zafinsu. Sauke tukunyar gaba ɗaya ki ajiye a ƙasa. Mai murhun lantarki ma haka, farantin yana daɗewa bai huce ba. Mai risho, in kin kashe ki ɗauke tukunyar, kada hayaƙin lagwani ya shiga madara.

[Hoto: hannu ya ɗebi ciz ɗan kaɗan, ya barbaɗa, ana juyawa a hankali.]

Yanzu ciz, cikin tafin hannu ɗaya. Juya. Ki bari ya ɓace tukuna. Ya ɓace? Ƙara wani. Kada ki juye duka lokaci guda. Zai sanyaya miyar, ya cure wuri ɗaya, sai ki ce bai narke ba, sai ki kunna wuta, sai mu koma gidan jiya. Kuma ba bugu ake yi ba kamar ana tuƙa tuwon biki. A hankali.

[Shiru na daƙiƙa biyar. Sautin cokali kawai.]

Ku dubi yadda take sheƙi. Fulawar da muka soya ɗazu ba don kauri kaɗai ba ce: sitacinta yana shiga tsakanin furotin ɗin, ya hana su rungumar juna. Amma shi ma yana da iyaka. Ba zai cece ki daga tafasa ba.

In kin zo hannu na ƙarshe kika ga miyar ta huce har ciz ya ƙi narkewa, mayar da ita kan wuta mafi ƙanƙanta, ki ƙirga goma kina juyawa, ki sauke. Gara ki yi haka sau uku da ki bar ta sau ɗaya ki je amsa sallama.

[Hoto: ciz mai kusurwa uku, an ɓare takardar azurfa.]

Ga wata dabara, kuma ba na jin kunyarta. Ciz ɗin nan na shafa wa burodi, mai hoton jar saniya tana dariya, ki jefa biyu ko uku kafin ceda. Irinsa ana sa masa wasu gishirai na musamman da ke hana mai rabuwa da ruwa, kuma suna taimakon sauran ciz ɗin da ke tukunyar. Masu ji da kansu a girki za su yatsine fuska. Su yatsine. A ra'ayina, ga wadda take farawa, wannan ya fi kowace tukunya mai tsada amfani. Madarar gwangwani ta ruwa, marar sukari, ita ma tana taimakawa. Ki maye rabin kofi da ita.

[Hoto: an koma kan tukunyar da ta lalace.]

To wadda ta riga ta ɓaci fa? In yanzu ta fara, kin ga mai yana ɗan tsatsowa a gefe, sauke maza, zuba madara mai sanyi cokali biyu, jefa mai kusurwa uku guda ɗaya, ki burga. Sau da yawa tana dawowa. In kuwa ta kai irin wannan tawa, tsaki ya zauna, gaskiya ba za ta koma sumul ba. Ana ci, ba ta da illa, daɗin baki ne ya ragu. Ranar da na fara yin wannan kuskuren, Hajiyarmu ta leƙa tukunyar ta ce, "Ke kuma wa ya ce ki zuba wa taliya dambu?" Yara suka cinye, amma maganar ta bi ni har Sallah.

[Hoto: makaroni ya shiga miya, ana juyawa.]

Taliya ta shiga, har yanzu wuta a kashe. In ta yi kauri da yawa, ga ruwan dahuwar da muka ajiye, cokali-cokali. Ki bar ta da ɗan ruwa-ruwa fiye da yadda kike so, don kafin ki kai falo ta ƙara kamewa, balle da hunturu, lokacin da ko man shanu ba ya motsi a kwalba. Da bazara kuma akasin haka ne: ciz yana fara zufar mai tun a hanya daga kanti, don haka da kin iso gida sai firij, kuma yana da sanyi ake goga shi, ya fi sauƙi.

Ɗumame: madara kaɗan, wuta kaɗan, kina tsaye a kai. Dokar ɗazu ce dai.

[Hoto: faranti. Hannu yana marmasa kilishi a sama.]

Turawa garin busasshen burodi suke barbaɗawa. Ni kilishi nake marmasawa, ko dambun nama in akwai, don abincin nan shi kaɗai ba shi da yaji ko kaɗan, kuma bakin Bakatsine ba ya daɗewa a kan abu salam.

[Hoto: hannun wata dattijuwa ya shigo, ya ɗauki cokali.]

Hajiya, bismillah, ki ɗanɗana ki faɗa musu gaskiya.

[Murya daga gefe: "Ba laifi. Miƙo mini yajin can."]

Hajiya, ai akwai kilishi a kai.

[Murya daga gefe: "Na gani. Miƙo yajin."]