Ƙahon da aka dasa a hanci: lacca kan dodannin Crystal Palace da ƙananan kwafinsu

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai da sauran jama'a, sannunku da zuwa. Na can baya, murya tana isowa? To madalla.

Yau kudancin Landan za mu leƙa, wani lambun shaƙatawa da ake kira Crystal Palace. Sunan na wani katafaren ginin gilashi ne da aka yi don baje kolin duniya na 1851, daga baya aka kwance shi aka sake kafawa a unguwar Sydenham, Sarauniya Biktoriya ta buɗe shi a 1854. Ginin ya ƙone ƙurmus a 1936. Abin da wuta ba ta taɓa ba shi ne wasu mutum-mutumi na dabbobin da suka ƙare a doron ƙasa, kimanin 30, da ke tsaye a tsibiran wani tafki can ƙasan lambun. Mutane suna ce musu dainaso gaba ɗaya, alhali huɗu ne kawai dainaso na haƙiƙa: Iguanodon biyu, Megalosaurus ɗaya, Hylaeosaurus ɗaya.

Wanda ya gina su shi ne Benjamin Waterhouse Hawkins, mai ba shi shawara kuma Richard Owen, masanin da ya ƙirƙiro sunan dainaso a 1842. Kun ji na ce gina, ban ce sassaƙa ba. Iguanodon guda ya ci tubali 600, ga ginshiƙan ƙarfe, ga siminti, ga tsakuwa. Girmansa ya kai a daren 31 ga Disamba 1853 Hawkins ya kira manyan baƙi walima, aka jera teburi a cikin mazubin da aka yi don zuba dabbar.

To ga inda gizo ke saƙa. A wancan lokaci ba wanda ya taɓa ganin cikakken ƙwarangwal ɗin Iguanodon. Likita Gideon Mantell, wanda ya ba shi suna a 1825, da haƙora ya fara, sai 'yan ƙasusuwa. A ciki akwai wani ƙashi mai tsini, aka duba aka rasa mazauninsa, sai aka ɗora shi a kan hanci, dabbar ta fito kamar karkanda mai fatar kada. Sai a 1878 masu haƙar kwal a Bernissart ta ƙasar Beljiyam suka ci karo da ƙwarangwal masu yawa, kusan cikakku, kuma binciken Louis Dollo ya tabbatar tsinin nan babban yatsan hannu ne.

Kafin gaskiya ta fito, kuskuren ya riga ya yi tafiya. Hawkins ya yi ƙananan samfura na dabbobin nan don koyarwa, James Tennant, mai sayar da duwatsun ma'adinai a titin Strand, yana sayarwa. Zuwa 1866 Henry Ward na birnin Rochester a Amurka ya sa kwafinsu cikin kundin kayan da yake sayar wa kwalejoji da gidajen tarihi. Ɗalibin da bai taɓa taka Landan ba ya ga ƙahon a aji, ya kuma gaskata.

Ga wani samfurin Iguanodon na zamani na zo muku da shi, a miƙa shi baya kowa ya taɓa, amma a hankali. Tsawonsa bai wuce taƙi ɗaya ba. Ku shafa gadon bayan, za ku ji wani siririn layi, nan ne ɓangarori biyu na mazubi suka haɗu. Ku dubi ɓawon fatar, da naman da ya sauko a ƙarƙashin wuya, da ƙafafu huɗu kamar turame. Ga ƙahon nan zaune daram.

Akwai masu cewa tunda an san kuskure ne, me zai hana mai yin kwafi ya cire ƙahon ya mayar da shi hannu? Ni ban yarda ba ko kaɗan. Wanda ya sayi wannan ba Iguanodon ya saya ba, aikin Hawkins ya saya, wato yadda aka siffanta dabbar a 1854. In ka gyara shi, ka rasa tsohon, kuma ba ka sami sabon ba. Hukumomin Ingila ma haka suka ɗauki abin. A 2007 sun sa mutum-mutumin a mataki na ɗaya na kayan tarihin da doka ke karewa, da ƙahon da komai. Da muƙamuƙin Megalosaurus ya karye a 2020, masu gyara siffar da Hawkins ya ba shi suka mayar masa, ba ta binciken yau ba.

Wanda ke son ganin dangin Iguanodon a ainihin surarsu, ba sai ya nemi bizar Turai ba. A Gadufawa, cikin hamadar Tenere ta Nijar, Bafaranshe Philippe Taquet ya tono Ouranosaurus, ɗan'uwan Iguanodon, ya bayyana shi ga duniya a 1976. Shi ma yana da wannan tsini a babban yatsa, sai dai nasa ƙarami ne, kuma akwai ƙwarangwal ɗinsa a gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai.

Masu sha'awar tarawa kuwa, ku yi hattara da 'yan gwanjon intanet. Samfuran ƙarni na 19 na filasta ne, masu saurin fashewa, kuma kaɗan suka rage. Na yanzu galibi roba ce mai tauri, ko an zuba ko an buga da na'ura. In wani ya ce nasa na zamanin Tennant ne, ka tambaye shi hannun da ya bi kafin ya iso gare shi, ka nemi takarda. Ba shi da ita, ka biya kuɗin sabo kawai.

Lokaci ya ja, nan zan dakata. Mai tambaya ya ɗaga hannu, wanda samfurin ya tsaya a hannunsa kuma ya turo mini shi gaba.