Na taɓa cikin ɗan tsuntsun nan na ji roba tana ƙara

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Nan gari yanzu yake wayewa, ku kuwa can gida na san bai daɗe da idar da isha'i ba. Ku yi haƙuri da ƙarar iskar nan da kuke ji, bakin teku nake, kuma hannuna sai rawa yake saboda sanyi, watan Mayu a nan hunturu ne ke shigowa.

Ina tsibirin Lord Howe ne, a ƙasar Ostareliya, daga Sidni ɗan ƙaramin jirgi muka hau kusan awa 2, nisansa da gaɓar ƙasar ya kai kilomita 600. Bari in juya kyamarar ku gani. Kun ga ruwan nan, kun ga dutsen can da gajimare ya rufe masa kai, wallahi ban taɓa ganin wuri mai tsafta irin wannan ba. Mutanen da ke zaune a nan 'yan ɗaruruwa ne kawai, baƙi ma ba a barin su wuce 400 a lokaci guda, yawancin mutane keke suke hawa, kuma tun 1982 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Tun da na zo ban ga leda ko ɗaya tana yawo a titi ba. To a irin wannan wurin ne na ga abin da ya hana ni barci jiya.

Akwai wani tsuntsun teku da ke zuwa nan yin ƙwai, mutanen garin suna ce masa muttonbird, baƙi-baƙi ne, girmansa kamar hankaka, ƙafarsa ja-ja. Ba ya sheƙa a bishiya, rami yake tonawa a ƙasa kamar gafiya, kuma ƙwai ɗaya tal yake yi a shekara. Uwa da uba su fita teku su kamo kifi su dawo da dare su ɗura wa ɗan a baki, haka za su yi ta yi wajen wata 3, sannan su tafi su bar shi, shi kuma in ya yi ƙwari ya fito daga ramin da dare ya tashi shi kaɗai, ba wanda ya nuna masa hanya, har sai ya kai tekun da ke wajen Japan. Ikon Allah kenan.

Jiya da dare mun bi masu bincike da fitila zuwa inda ramukan suke. Suna kama 'ya'yan da suka fito, su auna su, sai su zura musu wani siririn tiyo ta maƙogwaro su tura ruwa a hankali, tsuntsun ya amayar da abin da ke cikinsa a roba. Ni da na zaci kifi zan gani. Abin da ya fito sai ka ji yana ƙwal-ƙwal a gindin robar, guntayen roba ne shuɗi da fari da ja, da murfin kwalba, da wasu da ba za ka ma gane daga jikin me suka ɓalle ba. Ɗaya daga cikin mata masu binciken ta ce in ɗora yatsa a kan cikin wani ɗan tsuntsu kafin a wanke masa, na danna kaɗan, na ji abu yana ƙurus-ƙurus a ƙarƙashin fata kamar ka matsa ledar da aka cika da tsakuwa. Tsuntsu mai rai fa, yana numfashi a hannuna, zuciyarsa na bugawa.

Wanda kuke gani a nan kan yashi kuma shi bai kai labari ba. Ya fito ya nufi ruwa, ƙarfi ya ƙare, igiyar ruwa ta dawo da shi. Haka ake tsintar su da safe. Cikin ya cika dam amma ba abinci a ciki, shi yana jin ya ƙoshi alhali yunwa ce ke cinsa. A 2025 an samu ɗan tsuntsu ɗaya a tsibirin nan da guntun roba 778 a cikinsa. A 2023 ma masu bincike, ciki har da Dakta Jennifer Lavers da ta daɗe tana aiki a kan tsuntsayen nan, sai da suka raɗa wa ciwon suna, plasticosis, wato robar tana ta gurzar tumbin har ya yi tabo ya taurare ya kasa narka abinci. Abin mamaki su tsuntsayen nan dama suna haɗiye wani dutse mara nauyi da aman wuta ke fitarwa, kuma shi bai yi musu wannan illar ba, sai robar da mu muka ƙera.

Abin da ya fi ci min rai shi ne iyayen ne suka ba su da bakinsu. Robar in ta daɗe a ruwa gansakuka na kama ta, sai ta riƙa ƙamshin abinci a hancin tsuntsu, uwa ta sha wahala ta yi tafiya mai nisa ta ɗauko ta kawo wa ɗanta tana ganin ta ciyar da shi. Nan take na tuna akuyar Hajiyarmu, wata ja da muke ji da ita, tana ci amma kullum sai ramewa, ciki ya kumbura, da aka yanka ta mahauci ya ciro wani dunƙulen baƙar leda ya kai kan jariri. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kwata ya san wannan ba sabon abu ba ne. Abu ɗaya ne, can akuya ce, nan tsuntsu.

Na san wani zai ce to mu ina ruwanmu, ai ba ledar fiya wata ɗinmu ce ta zo nan ba. Gaskiya ne, ba zan yi muku ƙarya ba, ruwan Kano ma ba ya zuwa teku, ta Haɗejiya yake bi ya nufi tafkin Chadi. Amma na Kaduna da na Sakkwato kogin Neja suke faɗawa, shi kuma ya juye a tekun Atlantika, kuma can ma akwai kunkuru da tsuntsaye da kifin da ake kawo mana a kwali mu soya. Ni kuma da ke zaune a Sidni ba ni da bakin cewa ba ruwana, don a cikin abin da aka taɓa ciro wa tsuntsayen nan har da ɗan jan murfin wata 'yar kwalba mai siffar kifi da ake sa miyar waken soya a ciki in ka sayi sushi, wato wani abincin Japan na shinkafa da kifi, kuma ni na sha saya na ci na jefar, ban taɓa tambayar kaina ina take zuwa ba.

Ba nan kaɗai ba ne kuma. Akwai tsibirin Henderson a kudancin tekun Pasifik, ba ɗan adam ko ɗaya da ke zaune a kai, amma binciken da aka fitar a 2017 ya ƙiyasta tarkacen roba kusan miliyan 38 a gaɓarsa. A tsibiran Cocos da ke tekun Indiya kuwa ƙaguwoyi ne ke shiga cikin jarkoki da kwalabe su kasa fitowa, warin wadda ta mutu ya jawo wata ta shiga ita ma.

Ni dai a ganina laifin bai tsaya kan mai jefar da leda ba, kuma ba na son yadda ake saurin ɗora wa talaka. Kamfanin da ke buga kwalba miliyoyi ya san ba ta ruɓewa. Jiragen kamun kifi na yar da koma da igiya a tsakiyar teku ba mai ganinsu. Ƙasashe masu kuɗi, har da wannan da nake ciki, sun daɗe suna loda shararsu a kwantena suna tura wa ƙasashen Asiya kafin Sin ta rufe ƙofa a 2018. Gwamnatocin duniya sun zauna a birnin Busan na Koriya ta Kudu a 2024, sun sake zama a Geneva a 2025 kan yarjejeniyar rage roba, aka tashi baram-baram. Duk da haka hannun mutum ne ke sakin abin a ƙarshe. A jihar da nake, in ka mayar da kwalba ko gwangwani ana ba ka senti 10, kuma wallahi da wuya ka gan su a yashe. Mu ma ai muna da 'yan bola jari da mata masu tara gorar lemo su wanke su zuba zoɓo da kunun aya, aikin da suke yi kenan tun kafin a fara maganar, sai dai raini kawai suke samu a wajenmu maimakon godiya.

Ga matar can tana ɗaga min hannu, an tsinci wani a ƙarshen gaɓar kuma da alama da sauran numfashinsa. Bari in ajiye wayar in kai mata akwatin.