Mabuɗin da gwamnatoci ke nema a saƙonninmu na waya

Assalamu alaikum, masu kallonmu. Idan 'yar kasuwa a birnin Katsina ta aika wa ɗan'uwanta da ke Daura saƙon murya ta WhatsApp, saƙon yana barin wayarta ne a kulle, kuma babu inda zai buɗe sai a wayar wanda aka aika wa. Kamfanin layi ba ya jin abin da ke ciki, shi kansa kamfanin WhatsApp ba ya ji, tun da ya kammala shimfiɗa wannan tsari a shekarar 2016.

Wannan al'amari ne ke ci wa hukumomin tsaro tuwo a ƙwarya, domin a da umarnin kotu kaɗai ya isa a saurari kiran wanda ake zargi. Mu a nan ba ma raina wannan damuwa, ganin yadda masu garkuwa da mutane ke cinikin kuɗin fansa ta waya, har ta kai a watan Satumba na 2021 aka katse layukan sadarwa a wasu ƙananan hukumomin Jihar Katsina.

Yunƙurin gwamnatoci na samun mabuɗin buɗe irin waɗannan saƙonni ya daɗe. A 1993 gwamnatin Amurka ta fito da wani ɗan guntun na'ura mai suna Clipper, wanda za a sa a wayoyi alhali hukuma na riƙe da kwafin mabuɗi, amma a 1994 masani Matt Blaze ya nuna raunin da ke cikinsa, shirin ya watse. A 2025 kamfanin Apple ya janye tsarinsa mafi ƙarfi na kulle bayanai daga Birtaniya saboda matsin lambar gwamnatin ƙasar. A Najeriya kuwa, ƙa'idojin da hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, wato NCC, ta fitar a 2019 sun wajabta wa kamfanonin sadarwa bai wa jami'an tsaro damar sauraro bisa sharuɗɗan doka.

Matsalar ita ce, hanyar da aka buɗe wa jami'i ba ta tantance mai shigowa. A ƙasar Girka, tsakanin 2004 da 2005, wasu da ba a san ko su wane ne ba sun bi ta na'urar sauraron da ke cikin layin kamfanin waya na Vodafone, suka yi ta nadar kiran manyan jami'ai, ciki har da firaminista. A 2024 ma masu kutsen da Amurka ta danganta da Sin sun ratsa kamfanonin wayar ƙasar, suka kai ga tsarin da aka tanadar wa hukumomi.

Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin hirar 'yan ƙasa ta waya. A ganinmu, raunana kullen ba zai kama ɗan bindiga ba, domin zai koma wata manhajar da doka ba ta iya kaiwa gare ta, a bar ɗan jarida, da likita, da mai tura lambar asusunsa na banki da wayar da kowane gwanin kutse zai iya leƙawa.