Me Ya Sa Kulorin Ya Fi Fulorin Kwaɗayin Ilektiron?

Assalamu alaikum, 'yan ajin kemistiri. Ku ɗauko jadawalin sinadarai, wanda Mendeleev ya fara tsarawa a 1869, ku ajiye a gabanku.

Idan atam ɗaya tilo, a yanayin iska, ya karɓi ƙarin ilektiron, yawanci yakan saki makamashi. Yawan abin da ya saki shi ne ilektiron afiniti. Mu ce masa kwaɗayin ilektiron. Ka'idar da aka haddace ita ce: ka bi layi daga hagu zuwa dama, kwaɗayi ya ƙaru, don cajin cibiya na ƙaruwa, atam na tsukewa. Ka gangara ƙasa, ya ragu, don baƙon ilektiron zai zauna nesa da cibiya.

To, ga inda ɗalibai ke faɗuwa a JAMB. Fulorin ne a saman rukuni na 17, amma adadinsa 328 ne, kilojul (ma'aunin makamashi) a kowane mol (ma'aunin yawan atam). Kulorin da ke ƙasansa, 349. Duk jadawalin babu wanda ya kai shi. Yaya aka yi?

Ka tuna Keke Napep a bakin babbar kasuwar Gombe, uku a baya, ɗaya ya raɓa da direba. Saura kai. Direba na son kuɗinka, amma waɗanda ke ciki sai tokarinka suke da gwiwar hannu. Haka fulorin yake: ɗan mitsitsi ne, ilektiron bakwai sun cunkushe a zagayensa na biyu, suna ture baƙo. Kulorin kuwa bas ne. Bakwai ɗin ne dai, amma zagaye na uku da fili. Haka ma oksijin, 141, salfa da ke ƙasansa kuma 200.

Naitirojin ma taurin kai gare shi. A sashen zagayensa da baƙo zai shiga, kujeru uku ne masu cin ilektiron bibbiyu, kowace da mutum ɗaya, kowa ya miƙe ƙafa. Baƙo sai dai ya matsa wa wani, shi ya sa adadinsa ke wajen sifili, alhali kabon da ke hagunsa yana da 122. Su niyon da agon kuwa mota ta cika, an rufe ƙofa.

Kada dai ku ce kulorin ya fi fulorin zafin haɗuwa da sauran sinadarai. Fulorin ne gaba, wannan lissafi ne daban.

Masu neman batun furojet a Jami'ar Jihar Gombe ko ta Kashere, rukunin nan na 17 kaɗai ya ishe ku. Yankin Kaltungo an san shi da yawan fuloraid, wato fulorin da ya karɓi ilektiron, a ruwan ƙarƙashin ƙasa, har haƙora kan yi dabbare-dabbare. Auna shi rijiya-rijiya, rani da damina. Ko ka bi ruwan famfo da ake tacewa daga Dadin Kowa, ka ga kulorin nawa ke saura in ya iso unguwarku. Ni da zan zaɓa, gishiri zan ɗauka: sayo na leda da na awo, ka bar su a buɗe wata guda a zafin Afrilu, kana auna aidin ɗinsu duk mako, don shi ma aidin ɗan rukuni na 17 ne.